Makullin Yana Hannun Banki: Tarihin Rufe Asusu da Ɗaukaka Ƙara a Kasuwar Batsa ta Intanet

Ranar 19 ga Agusta, 2021, kamfanin OnlyFans da ke Landan ya fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa: daga 1 ga Oktoba ba za a sake barin kowa ya ɗora hoto ko bidiyon batsa ƙarara a dandalinsa ba. A lokacin mutum wajen miliyan 2 ne ke baje hajarsu a can, masu kallo kuma sun kai kimanin miliyan 130. Kwana shida kacal aka yi, ranar 25 ga watan kamfanin ya janye maganarsa. A tsakanin nan ne Tim Stokely, wanda ya kafa dandalin a 2016 da rancen fam 10,000 daga mahaifinsa, ya shaida wa jaridar Financial Times cewa bankuna ne suka matsa masa lamba, har ya kama sunan BNY Mellon da Metro Bank da JPMorgan Chase.

Wannan mako guda ya fito da abin da 'yan harkar suka daɗe da sani. Duk wanda aka dakatar wa asusu, dandalin yake rubuta wa takardar koke, amma sau da yawa ƙa'idar da ta kama shi an tsara ta ne a wani ofis daban, na banki ko na kamfanin katin biyan kuɗi, inda ba a ma san da zamansa ba.

Mai karatun Hausa ba ya bukatar a gaya masa matsayin wannan sana'a a addini da al'adarsa. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a sani shi ne, abubuwan da suka zama ruwan dare a intanet yau, irin su nuna katin shaida, ɗaukar hoton fuska riƙe da katin, daskarar da kuɗin mutum har sai an gama bincike, a wannan kasuwa aka tsananta su tun da wuri, domin a nan ne ɓarnar ta fi muni idan aka yi sakaci.

Labarin ya girmi intanet. A 1986 aka gano cewa Traci Lords, ɗaya daga cikin fitattun 'yan fim ɗin batsa na Amurka, yarinya ce da ba ta kai shekara 18 ba lokacin da ta yi kusan duk finafinanta. Da takardun bogi ta shiga harkar. Shaguna suka yi ta kwashe kaset daga kanta, masu shirya fim suka shiga hannun hukuma. Bayan shekara biyu, a 1988, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa duk mai shirya irin wannan fim ya duba katin shaidar kowane ɗan wasa, ya ajiye kwafi, ya kuma bayyana inda takardun suke. 'Yan harkar har gobe da lambar sashen suke kiran dokar, 2257. Daga nan aka gaji al'adar da ta fi kowace rufe asusu a yau: duk fuskar da ta fito a bidiyo, dole a samu takardar da ke tabbatar da shekarunta da yardarta.

Da intanet ya zo, sai ciniki ya canza salo. A 1995 wata mata mai suna Danni Ashe ta buɗe shafinta na kanta, ta sa masu kallo su riƙa biyan kuɗin wata, tsarin da OnlyFans ya faɗaɗa bayan shekara 21, inda yake cire la'adar kashi 20 cikin ɗari ya bar wa mai haja sauran. A 1996 kuma aka yi dokar da ta fi kowace tasiri a kan rufe asusu, wato sashe na 230 na dokar sadarwa ta Amurka. Sashen ya ce ba za a ɗauki dandali a matsayin mawallafin abin da jama'a suka ɗora ba, kuma yana da damar cire abin da ya ga bai dace ba. Bai ce sai dandalin ya faɗi dalili ba. Bai ce sai ya saurari wanda aka cire wa kaya ba. Shekaru sama da ashirin aka yi a haka, ana rufe asusu da imel mai layi biyu.

Wata 'yar ƙofa ta buɗe a 1998, amma ta haƙƙin mallaka ce kawai. Dokar DMCA ta ce idan aka sauke kayan mutum bisa zargin satar fasaha, yana iya aika takardar musu, kuma idan mai ƙorafin bai kai ƙara kotu ba, a mayar da kayan cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14. Wannan na cikin hanyoyin farko da doka ta rubuta wa mai amfani da intanet ya ce "ban yarda ba" a saurare shi. Sai dai wanda aka rufe wa asusu saboda keta ƙa'idar dandali ba ya cikin lissafin.

Ɓangaren kuɗi kuwa tun da wuri ya zama ƙaya. Babbar matsalar ita ce musun ciniki: mutum ya biya da katinsa, bayanin banki ya iso gida, matarsa ta gani, sai ya kira banki ya rantse shi bai san da wannan ciniki ba. Banki ya mayar masa da kuɗinsa, asara da tara su faɗa kan ɗan kasuwa. Ga kuma katunan sata da ake gwadawa a irin waɗannan shafuka. American Express ya daina hulɗa da shafukan batsa a 2000, PayPal ya bi sahu a 2003. Visa da Mastercard sun zauna, amma sun sa harkar a rukunin kasuwanci mai haɗari, da ƙarin kuɗin rajista da sa ido. A 2013 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙaddamar da wani shiri mai suna Operation Choke Point na matsa wa bankuna kan abokan hulɗa masu haɗari, kuma a shekarar da ta biyo baya 'yan wasan batsa da dama suka fito suna cewa an rufe musu asusun banki ba tare da bayani ba. An kawo ƙarshen shirin a 2017, amma bankuna ba su daina ɗari-ɗari ba.

Shekarar 2018 ta zo da guguwa. Ranar 6 ga Afrilu hukumomin Amurka suka ƙwace shafin tallace-tallace na Backpage, ranar 11 ga watan kuma Shugaba Trump ya sa hannu a dokar FOSTA-SESTA, wadda ta janye kariyar sashe na 230 daga dandalin da ya taimaka wa safarar mutane don karuwanci. Tun kafin a sa hannun, shafin tallace-tallace na Craigslist ya rufe sashensa na neman abokai. A watan Nuwamba Apple ya cire manhajar Tumblr daga rumbunsa saboda an samu hotunan cin zarafin yara a ciki, sai Tumblr ya haramta hotunan batsa daga 17 ga Disamba. Na'ura aka sa ta yi tankaɗe, ita kuwa ta haɗa da zane-zane da hotunan da ko kusa ba su da alaƙa da batsa. Dandalin ya maƙala maɓallin ɗaukaka ƙara a jikin kowane hoton da aka yi wa alama, mutane suka yi ta dannawa, da yawa kuma suka tattara nasu ya nasu suka bar wurin. Tumblr ɗin da Yahoo ya saya dala biliyan 1.1 a 2013, an sayar da shi a 2019 kan kuɗin da rahotanni suka ce bai kai dala miliyan 3 ba.

A watan Mayun wannan shekara ta 2018 ne wasu malaman jami'a da ƙungiyoyin kare haƙƙi, ciki har da Electronic Frontier Foundation, suka fitar da Ƙa'idojin Santa Clara. Sun nemi dandali ya riƙa bayyana adadin abin da ya cire, ya sanar da mutum takamaiman laifinsa, ya kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara gaban ɗan Adam wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba. Ba doka ba ce, roƙo ne, amma dokokin da suka zo daga baya sun ɗauki kusan duk abin da ke ciki.

Akwai wani koke na daban da wannan tarihi bai kamata ya tsallake ba, kuma shi ne ya fi ban tausayi. Ranar 4 ga Disamba, 2020, Nicholas Kristof ya rubuta a jaridar New York Times yadda shafin Pornhub, mallakar wani kamfani da ke Montreal ta Kanada, ke ɗauke da bidiyon yara da na matan da aka ɗauka ba da yardarsu ba. Wasunsu sun yi ta roƙon a sauke, a sauke yau wani ya sake ɗorawa gobe. Abin da kukan waɗannan mata bai yi ba a shekaru, katin banki ya yi shi a kwana goma. Ranar 10 ga watan Mastercard da Visa suka yanke hulɗa, ranar 14 shafin ya share duk bidiyon da ba a tantance masu ɗora su ba, miliyoyi, mafi yawan abin da ke cikinsa. Abin kunya ne ga harkar baki ɗaya cewa sai da aka taɓa aljihu kafin a ji su.

A Afrilun 2021 Mastercard ya fitar da sabbin sharuɗɗa da suka fara aiki ranar 15 ga Oktoba: a tantance shekaru da shaidar duk wanda ya fito a hoto, a duba kaya kafin a wallafa, a warware ƙorafi cikin kwanakin aiki bakwai, a kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara ga duk wanda ya ga kansa a bidiyo yana son a cire. Wato haƙƙin koke da kamfanin katin ya rubuta na wanda aka ɗauka ne, kuma hakan daidai ne. Mai asusun da aka rufe bisa kuskure bai samu irin wannan layi a takardar ba. Sanarwar OnlyFans ta Agusta ta fito ne wata biyu kafin waɗannan sharuɗɗa su fara aiki, a ranar da BBC ta wallafa takardun cikin gida da ke nuna ma'aikatan dandalin kan yi wa masu keta ƙa'ida gargaɗi sau da dama kafin a rufe su.

Daga Turai aka mayar da ɗaukaka ƙara doka. Wata dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Yulin 2020 ta ce dandali ba zai kori ɗan kasuwar da ke ciniki a kansa ba sai ya ba shi sanarwar kwana 30 da dalili a rubuce, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi. Ranar 29 ga Yuli, 2021, babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke wa Facebook cewa kafin ya toshe asusu sai ya sanar da mai shi, ya faɗi dalili, ya ji ta bakinsa. Sai dokar ayyukan dijital ta Tarayyar, wadda ta hau kan dukan dandaloli ranar 17 ga Fabrairu, 2024. Ta ba wanda aka dakatar aƙalla wata shida ya shigar da koke kyauta, ta hana a bar wa na'ura ita kaɗai yanke hukunci a kansa, ta kuma ba shi damar kai maganar gaban wata hukumar sasanci mai zaman kanta. A ɗaya gefen kuma hukumomi na ƙara ɗaure dandalolin kan tantance shekaru: a Maris 2025 hukumar Ofcom ta Birtaniya ta ci tarar Fenix International, uwar kamfanin OnlyFans, fam miliyan 1.05 saboda rashin ba ta sahihin bayani kan tsarin duba shekarunsa.

Wanda ya buɗe wayarsa yau ya tarar an dakatar da shi, abin da zai gani bai wuce saƙo ɗaya da ke ambaton sashen ƙa'idar da ake zargin ya keta ba, sai fam ɗin koke. Dalilan sanannu ne: katin shaida ya ƙare aiki, ko hoton fuska bai yi daidai da na katin ba, ko wani ya fito a bidiyo ba tare da takardar yardarsa ba, ko an yi maganar haɗuwa ido da ido ko biyan kuɗi ta bayan fage, ko masu saye sun cika musun ciniki. Kuɗin da bai cire ba kan tsaya cak har a gama. A kasuwarmu idan sarkin kasuwa ya garƙame rumfa, mai rumfar ya san ƙofar gidansa, zai ɗauki dattijo su je a yi magana. A nan fam ne da lambar koke, kuma takarda ce ke magana: kwanan wata, kwafin shaida, sa hannun wanda aka ɗauka. Kuskuren takarda ana gyara shi ta wannan hanya. Abin da ya taso daga banki kuwa fam ba ya taɓa shi. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, OnlyFans ya toshe asusun masu haja 'yan Rasha, ya buɗe, sannan a watan Afrilu ya sake dakatar da su yana cewa hanyoyin biyan kuɗi sun toshe. Babu ƙa'idar da suka keta, don haka babu abin da za su ɗaukaka ƙara a kai.

Tsarin ya iso Najeriya ta manyan dandalolin da kowa ke amfani da su. A 2022 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar aiki da ta wajabta musu buɗe hanyar karɓar ƙorafi da miƙa rahoton shekara. Alƙaluman 2023 da hukumar ta bayyana daga rahotannin Google da X da Microsoft da TikTok sun nuna an rufe asusu sama da miliyan 12, an sauke abubuwa sama da miliyan 65, waɗanda aka mayar bayan masu su sun ɗaukaka ƙara kuma ba su kai 400,000 ba.