Wa ke da Karan Gona? Tarihin Lulluɓe Ƙasa a Yammacin Katsina

A ƙasar Batsari da Safana, inda Darini take, damina gajera ce. Ruwa kan sauka a Yuni ya ɗauke a ƙarshen Satumba, ƙasar kuma galibinta jigawa ce da ba ta riƙe danshi. Kuɓewa, barkono, yakuwa da tumatirin damina su suka fi jin jiki idan ruwa ya yi tsaiko. Shawarar malaman gona sananniya ce: a lulluɓe gindin shuka da kara, busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, don kada rana ta shanye laima, kada ciyawa ta taso, kada kuma ruwa mai ƙarfi ya daddale fuskar ƙasa. Dalilin da ya hana dabarar zama al'ada yana cikin tarihin karan gona kansa.

A da, ƙasa kan sami lulluɓinta ba tare da an yi niyya ba. Gonar da ta gaji akan bar ta saura, ciyawa ta mutu ta ruɓe a kanta. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, yana ciyar da abin da aka shuka a ƙarƙashinsa. Bayan girbi makiyaya kan sauka a gona, shanu su ci kara da karmami su bar taki, manomi ya sallame su da hatsi. Dajin Rugu kuma yana ɗauke wa gonaki nauyin kiwo da itacen girki.

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya daga 1983 zuwa 1985, sun girgiza wannan tsari. Jama'a ta ƙaru, barin saura ya yi wuya, makiyaya ta ƙuntata. Sai kara ya zama kadara: abincin dabbobi ne da rani, darni ne, makamashi ne, har ma hajar kasuwa. Manomi ya koma kwashe shi da zarar ya gama girbi, gona ta shiga hunturu tsirara. Takin zamani mai rangwame, wanda ya bazu tun shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, ya rufe asirin wannan rashi na ɗan lokaci. Sai dai taki yana ciyar da shuka ne, ba ya tare mata rana.

Makwabta a Jamhuriyar Nijar, waɗanda fari ya fi yi wa ɓarna, su suka fara juyowa. Gwaje-gwajen cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun nuna tun shekarun 1980 cewa barin karan gero a gona yana kama ƙurar da iska ke kwasowa, yana ƙara amfani. Gara ma, wadda manomi ke ƙi, tana huda busasshiyar ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga. A yankin Maradi kuwa, daga 1983 Tony Rinaudo da manoman wurin suka yaɗa renon tohon itatuwa a cikin gona maimakon sare su, ganyensu ya zama lulluɓin da ba a saya.

Yau matsin ya ƙaru. Hare-haren 'yan bindiga daga Rugu sun raba mutane da gonakin nesa, sun kuma lalata amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi. Farashin taki ya yi tashin gwauron zabo tun 2022. Noma ya takure a bayan gari, kuma a nan ne lulluɓi ya fi arha, domin 'yan kunyoyin kayan miya ba sa buƙatar karan da garke ke jira. Ƙaiƙayin sussuka, ɓawon gyaɗa da ganyen dalbejiya sun wadatar, muddin an shimfiɗa su bayan ƙasa ta sha ruwa, an kuma bar 'yar tazara daga jikin shuka saboda ruɓa. Shawarar da ta nemi manomi ya hana awakinsa kara ba za ta karɓu ba. Wadda ta fara da abin da ake zubarwa a masussuka tana da makoma.