BABI NA UKU: TARIHIN SAMAR DA MAGANIN ƘANJAMAU A KANO DA HAƘƘIN MAJINYACI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar haƙƙin ɗan'adam da ire-irensa. A wannan babi kuwa za a bi diddigin yadda maganin cutar ƙanjamau ya iso Kano, da irin mutanen da suka iya samun sa a kowane mataki. An taƙaita nazarin ne a kan Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta take Unguwa Uku, domin a cikinta ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wato a kan titin Zariya daura da Gyaɗi-Gyaɗi. Manufar babin ita ce a gano ko maganin ya zo wa talaka a matsayin haƙƙi ne, ko kuwa a matsayin alfarma.

3.1 Bayyanar Cutar da Zamanin Rashin Magani

A shekarar 1986 aka ba da sanarwar samun masu wannan cuta na farko a Nijeriya. Binciken da ake yi a kan mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau har zuwa kashi 5.8 a 2001. Sunayen da Hausawa suka laƙaba wa cutar sun isa su nuna yadda aka ɗauke ta. An kira ta ƙanjamau saboda ramar da take sa wa mai ita, wasu kuma suka kira ta kabari-kusa. Da yake an danganta ta da fasiƙanci, akan ɓoye majinyaci a ƙuryar ɗaki, a ce sammu ne ko daɗaɗɗen zazzaɓi, har rai ya yi halinsa.

An kafa Asibitin Malam a 1988, ya fara aiki a harabar Asibitin Murtala, sannan ya koma mazauninsa na dindindin a 1996. A wannan shekara ce kuma aka bayyana wa duniya, a wani taro a ƙasar Kanada, cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar, mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Sai dai kuɗin maganin na shekara guda ya kai dala 10,000 ko fiye. Saboda haka a Turai da Amurka mace-mace suka ragu, a Kano kuwa likita yana da labarin maganin, amma ba shi da abin da zai bai wa talakan da ke gabansa.

3.2 Karyewar Farashi da Shirin 2002

Shekarar 2001 ce ta sauya al'amarin. A watan Fabrairu kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da maganin shekara guda a kan dala 350. A watan Afrilu kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu a kan dokar shigo da magani mai rahusa. Har ila yau a cikin watan ne shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu.

A farkon 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara raba maganin da aka sayo daga Indiya a cibiyoyi 25, ciki har da Asibitin Malam, da nufin kula da manya 10,000. Idan aka raba wannan adadi daidai, kowace cibiya mutum 400 ke nan. Majinyaci yana biyan naira 1,000 a wata, ban da kuɗin gwajin jini. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha a lokacin naira 5,500 ne, za a ga cewa magani kaɗai yakan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na albashin. Magidancin da shi da matarsa suke ɗauke da cutar sai ya biya ninki biyu, ko kuwa a zaɓi wanda za a saya wa.

Bugu da ƙari, akwai matsalar nisa. Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku yana iya takawa da ƙafa zuwa asibitin, amma wanda ya fito daga Rano ko Tudun Wada ko jihar Jigawa sai ya nemi kuɗin mota kowane wata. Daɗin daɗawa, daga ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004 maganin gwamnati ya yanke a cibiyoyin ƙasar. Haɗarin wannan shi ne, idan aka katse shan maganin, ƙwayar cutar takan bijire masa, sai an koma ga wani wanda ya fi tsada.

3.3 Zuwan Tallafi da Magani Kyauta

A 2002 aka kafa asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 kuma Shugaba Bush na Amurka ya ƙaddamar da shirin PEPFAR, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2004. Asibitin Malam na cikin waɗanda suka amfana, kuma sashen da ke kula da masu cutar a can yana ɗauke da sunan Farfesa S. S. Wali. Daga watan Janairu 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta, aka kuma riƙa faɗaɗa rabonsa zuwa wasu asibitoci. A 2016 Nijeriya ta amince a ɗora duk wanda aka samu da cutar a kan magani, ba sai garkuwar jikinsa ta yi rauni ba.

Amma fa Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. A 2014, da masu tallafi suka rage ɗaukar nauyin wasu gwaje-gwaje, asibitoci da dama a ƙasar suka dawo da karɓar kuɗi daga majinyata. Haka kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairu 2025, sai da gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 cikin gaggawa don sayo magani.

3.4 Matsayin Doka

Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati da ta samar da kayan kiwon lafiya, amma sashe na 6 ya hana kai ƙara kotu a kan babin da wannan umarni yake ciki. Mafitar da lauyoyi suka samu ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ta zama dokar Nijeriya a 1983. Da sashe na 16 na yarjejeniyar ne Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal ta dogara a 2004, inda ta ce fursunoni masu ɗauke da cutar suna da haƙƙin a yi musu magani. A 2012 kuma wata kotu a Legas ta bai wa Georgina Ahamefule diyyar naira miliyan 7, saboda korar ta da aka yi daga aiki a 1995 don tana ɗauke da cutar. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar ta biyo baya a 2014.

A Kano, tun auren zawarawa na 2012 ake gindaya sharaɗin gwaji kafin ɗaurin aure. A watan Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin ga duk masu niyyar aure, ta kuma haramta tsangwamar masu cutar. Dokar tana kare haƙƙin wanda za a aura da 'ya'yan da za a haifa. To amma aure a ƙasar Hausa sha'ani ne na iyaye da waliyyai da dangi, saboda haka sakamakon da ya kamata ya tsaya tsakanin mutum da likitansa yana iya zaga unguwa. Wanda kuwa yake tsoron tonon asiri yakan guji asibitin da ke kusa da gidansa, ko da maganin kyauta ne.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa shingen da ke tsakanin majinyaci da magani bai gushe ba, sauya kama ya yi ta yi. Da fari tsadar magani ce, daga baya ya koma ƙarancin gurbi da kuɗin mota da na gwaji, sannan tsoron tsangwama. Haka kuma abin da ya kawo magani Tarauni shi ne karyewar farashi da tallafin waje da shawarar gwamnati mai ci, dokokin kare majinyaci kuwa daga baya suka zo. Muddin kuɗin maganin bai samu tsayayyen gurbi a kasafin tarayya da na jiha ba, majinyacin Unguwa Uku zai ci gaba da karɓar sa a matsayin alfarmar da za a iya janyewa. Babi na gaba zai duba rawar da malaman addini da kafofin watsa labarai suka taka wajen rage tsangwama a Kano.