Uwa Ce Asibitin Farko: Darasi Daga Tarihin Cutar Noma A Sakkwato

 

Duk wanda ya saba hawa mota daga Illela zuwa Sakkwato ya san hanyar: a bi ta Gwadabawa, a ratsa Kware, sai birni. Cikin fasinjoji akan samu uwa rungume da yaro, ta rufe masa rabin fuska da gefen mayafinta don gudun idon mutane. Wata daga ƙauyukan Illela ta fito, wata daga Birnin Ƙonni ta tsallako. Tarihin irin wannan uwa za mu bi yau.

Tun da can ƙasar Hausa tana da tsarinta na masu buƙata ta musamman. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa. Sai dai tsari ne na manya, bai shiga ɗaki wurin uwa mai jinyar yaro ba. A shekarun 1930 aka buɗe wurin jinyar masu cutar kuturta a Amanawa, kusa da Sakkwato, ƙarƙashin kulawar 'yan mishan na SIM. Daga baya aka samu makarantu irin su makarantar musamman ta A.A. Raji da ke cikin birni. Duk sun yi amfani, amma salonsu ɗaya: a ɗauko mai lalura daga gida a kai shi wurin masana. Iyaye kuwa aka bar su da abin da suka gada. Sunan shan inna kaɗai ya ishe mu shaida, domin an ɗauka wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro.

Cutar noma ta nuna iyakar wannan salo. Ba noman gona muke nufi ba, sunan cuta ne da ya samo asali daga harshen Girka. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu, ta ci leɓe, har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba su samu magani ba suna mutuwa. Wanda ya rayu yakan tashi da rami a fuska, wani muƙamuƙinsa ya ƙage, cin abinci da magana su zame masa aiki. An san cutar a Turai a da, amma wadatar abinci da tsabta da magunguna suka kore ta.

A 1999 aka buɗe Asibitin Yara Masu Cutar Noma a Sakkwato, likitocin tiyata na zuwa daga Turai suna gyaran fuska. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo tana tallafa wa Ma'aikatar Lafiya a asibitin. Aikin ya fito da gaskiya guda: tiyata ta 'yan sa'o'i ce, jinya ta shekaru ce. Kafin tiyata sai yaro ya yi ƙwari, bayanta kuma sai an riƙa motsa masa muƙamuƙi kullum don kada ya sake ƙagewa. Likita zai koma ƙasarsu. Wa ya rage? Uwa, ko kaka, ko gwaggo.

Shi ya sa aka mayar da hankali ga masu jinya. Ana nuna musu yadda ake tsabtace bakin yaro, da yadda ake haɗa abinci mai gina jiki, da alamun farko na cutar, lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke iya tsayar da ita. Ana kuma zama da su a saurari damuwarsu, domin uwar da ake nunawa da baki a gidan biki ita ma tana ɗauke da ciwo. Ma'aikata na fita ƙauyuka suna wayar da kan jama'a, har da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu iyaye da yawa ke fara zuwa. Mulikat Okanlawon, wadda ta sha fama da cutar tun tana yarinya, ta zama ma'aikaciya a asibitin, ta kuma shiga cikin waɗanda suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga noma. A Disamba 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ga mutanen Illela wannan magana ta fi nauyi. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ranar da hanya ta toshe, ko kuɗin mota ya gagara, abin da uwa ta koya shi ne kaɗai ke tare da yaro.

Koyar da mace a gidanta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, mata masu kai karatu ƙauyuka cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, aka kira ɗalibansu 'Yan Taru. Ilimin ya isa lungu ne saboda an rubuta shi da harshen da mata ke ji.

To, mu fa? Mu duba littattafanmu da gaskiya. Sau nawa muka sa nakasa ta zama hukuncin mugu a babin ƙarshe, ko yaro mai lalura ya zama abin dariya? Uwar da ke cikin motar Illela na iya jin labarinmu a rediyo ko a waya. Idan muka ce mata asirin kishiya ne, mun ƙara mata kwana uku a gida, kuma kwana uku a cutar noma na iya zama fuskar yaro. Idan tauraruwarmu ta buɗe bakin ɗanta ta ga dasashi na jini ta nufi asibiti, wata za ta yi koyi.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan yinin uwa mai irin wannan yaro, daga asuba zuwa isha'i. A tambayi masu jinya kafin a rubuta, kuma a sakaya sunayensu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyaye da alheri.