Yadda tsirrai suka farfaɗo a Dutsen St Helens

A ranar 18 ga watan Mayun 1980 ne Dutsen St Helens da ke jihar Washington a Amurka ya yi aman wuta, inda ya hallaka mutane 57, ya kuma lalata daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 600.

A 1982 aka keɓe yankin domin ya farfaɗo da kansa.

Masana irin su Roger del Moral sun shata filaye, suna komawa duk shekara suna ƙidayar abin da ya tsiro.

Ƙananan itatuwan da dusar ƙanƙara ta lulluɓe a ranar sun tsira. Inda toka ta binne komai kuwa, wani tsiro dangin wake mai suna lupine ne ya fara kafuwa, kuma shi ya sama wa ƙasar takin da sauran tsirrai suka rayu da shi.