Yadda Ayarin Bilma Yake Lissafin Komowa

Ƴan'uwa, galibinmu a yau ba raƙumi muke ja ba. Wani direba ne, wani yana da kanti a kasuwar Agadas, wani lambu gare shi yana kai albasa Kudu, wani kuma ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Amma da kantun gishiri kakanninmu suka gina gidajen da muke ciki, saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu waiwayi yadda suke tsara aikinsu, tun da sauran dattawan da suka taka Tenere da ƙafarsu a cikinmu.

Ayarin gishiri, wanda Abzinawa suke kira taglam, yakan tashi ne bayan damina, wajen watan Oktoba, sa'ad da raƙuma suka ƙoshi. Daga Agadas zuwa Bilma tafiyar wajen kilomita 600 ce, a bi ta Fashi. Ba ƙaramar harka ba ce, don kuwa a shekara ta 1906 Faransawa sun ba da labarin ayari mai raƙuma kamar 20,000. To, duk wannan taro ba ya motsawa sai an gama aikin gida. Tun makonni kafin tashi maza suna daji suna yankan ciyawa, ana tufka igiya, ana gyaran salka, mata kuwa suna daka gero, domin tsakanin ƙarshen duwatsun Abzin da Fashi babu abin da raƙumi zai sa a baki sai abin da ya ɗauko a bayansa. Har takunkumi ake sa musu, kada na baya ya riƙa zarar ciyawa daga kayan na gabansa.

Ga inda hikimar take. A kan hanyar zuwa, ayari yakan riƙa sauke dammunan ciyawa a cikin rairayi, daidai wuraren da za a kwana a komowa. Mutum yana gani raƙuminsa na jin yunwa, ga ciyawa a hannu, amma ya ajiye ta ya wuce, don ya san in ya juyo daga Bilma bayan dabbar cike yake da gishiri da dabino, ba wurin ɗora ciyawa, ga gajiya ta kama ta. Wanda ya ciyar da rabon komowa tun a zuwa, zai isa rijiyoyin gishiri na Kalala da raƙuma masu ƙarfi, ya sayi kantu da beza yadda ransa yake so, sa'an nan ya zubar da su a tsakiyar Tenere tare da gawar dabbarsa. Babu wanda ya taɓa ƙirga riba a Bilma.

Shi ma madugu, ba shi ne mai raƙuman ba. Kowa da dabbobinsa da cinikinsa, kowa kuma da hasararsa. Abin da aka danƙa wa madugu shi ne hanya da lokaci: yaushe za a tashi, yaushe za a sauka, ina rijiya take. Da rana da taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi yake gane gabas. In aka tashi da hantsi ba a tsayawa sai dare ya yi nisa, ko fura a tafe ake shan ta, don kowace rana da aka ƙara a hanya dammi ɗaya ne ya ragu. Mun sha jin samari suna cewa shugaba shi ne mai kuɗin da ya fi na kowa. A Tenere dai ba haka aka zaɓa ba.

In an komo Abzin aka huta, sai a nufi Kudu da gishirin, Damargu da Damagaram har Kano. Can raƙuma suke cin kara a gonakin da aka girbe, suna bar wa manomi taki, a sayi gero lokacin da yake da araha. Geron nan kashi biyu ne, na cin gida da wanda za a kai wa mutanen Fashi da Bilma baɗi a musanya da dabino da gishiri. Kowane magidanci ya san buhun da ba a taɓawa ko baƙi sun cika gida. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hatta fada tana da nata lissafi. Bature ɗan Jamus, Barth, wanda ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa Sarkin Turawa (a lokacin Larabawa ake kira Turawa) yakan raka ayarin Kel Geres zuwa Sakkwato kowace shekara don ya tsare shi, a ba shi kantu ɗaya cikin takwas na kayan raƙumi. Haraji ne mai nauyi, amma mai karɓarsa yana cikin ƙurar tafiyar.

Abin da ya karya ayari shi ne abin da ya taɓa raƙumin kansa. Faransawa sun yi ta kwasar raƙuman mutane don jigilar sojansu, wannan kuwa yana cikin abin da ya harzuƙa jama'a suka bi Kawusan da Sarki Tagama, aka kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan an murƙushe su, Abzin ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Fari na 1973 da na 1984 suka sake cinye garkuna, manyan motoci kuma suka shiga hanyar. A 1973 ɗin ne ma wani direba ya buge itaciyar Tenere, wadda yanzu gangar jikinta take gidan tarihi na Yamai. Duk da haka ayari bai mutu ba, ƙanƙancewa ya yi.

Mu kuwa jikokinsu mun ga kasuwanni da dama sun ci sun watse. Ƴan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa da tawayen 1990 da na 2007. Zinariyar Jado ta tashi a 2014, aka rufe wurin a 2017. Dokar 2015 ta hana jigilar baƙi zuwa Libiya, aka kama motoci, kafin a soke ta a Nuwamba 2023. Kamfanin Cominak ya rufe raminsa na Akokan a 2021. A kowane karo mun ga wanda ya samu kuɗi kamar ba za su ƙare ba, bai ware na taya da na inji ba, balle na shekarar da hanya za ta rufe, yau ga motarsa a kan duwatsu a ƙofar gida awaki suna shan inuwarta.

Mun kawo wannan ne domin akwai masu shawarar a raba asusun ƙungiya gaba ɗaya kafin Sallah, tun da albasa ta yi kuɗi bana. Za a tattauna a taro mai zuwa, kuma mun roƙi dattawa biyu da suka yi Bilma su zo su faɗa mana da bakinsu dammi nawa suke ajiyewa kowane raƙumi.