Takalmin Hawa: Gadon da Ke Mutuwa a Cikin Akwati

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Abin da idon mai kallo ke fara kamawa a hawa shi ne rawani da alkyabba da adon doki. Can ƙasa kuwa, cikin likkafa, akwai abin da ya fi su gajeren kwana idan aka yi sakaci da shi: dogon takalmin fata na mahayi. Kwanaki kaɗan ake sa shi a shekara, sauran watannin yana ajiye, kuma a wannan ajiyar ne yawanci yake lalacewa.

Hawa kwaikwayon tarihi ne da sarakuna da hakimai ke yi da jikinsu. 'Yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa cikin shigar mayaƙan dā, ana jahi a gaban sarki kamar yadda dakaru ke nuna biyayya. Ƙasar Gaya tana da tsohon rabo a wannan tarihi. Labarun baka na danganta Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, da garin Gaya, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Gaya tun zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463). Littafin dai ya lissafa takalman gashin jimina cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya soma, wato tun a wancan ƙarni takalmi ya zama alamar mulki. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta, a watan Mayu na 2024 aka rushe ta, sannan a watan Yuli aka maido da ita da daraja ta biyu, tana riƙe da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Duk gidan sarautar da ke fitar da mahaya a wannan yanki yana da kayan fata da ke jiran ranar hawa.

Fatar da ake ɗinka su da ita ta daɗe da yin suna. A farkon ƙarni na 16 Leo Africanus ya rubuta cewa ana yin takalma a Gobir ana kai su Tambutu da Gao. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya sa takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi takan ƙetare Sahara ta isa Turai da sunan fatar Maroko, daga baya kuma masu ɗaure littattafai a Ingila suka riƙa neman ta saboda ƙarkonta.

Sirrin wannan ƙarko yana wurin majema. Bayan an cire gashi da ruwan toka, ana jiƙa fata cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda sinadarinta ke kama zaren fata ya hana shi ruɓewa. Daga nan a shafa mata mai, a murza ta har ta yi laushi. Baduku ya karɓa, ya rina ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko. Manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa kuwa galibi da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma fatarsu ta fi jure ruwa da zafi. Saboda haka man goge takalmi na kanti, wanda aka yi domin takalmin ofis, bai dace da takalmin hawa ba: yana toshe fuskar fatar, ya dushe rinin.

Abokan gaban fatar bagaruwa huɗu ne. Na farko gumi, na doki da na mahayi, domin gishirinsa na shiga fata ya busar da ita har ta tsage a wurin lanƙwasa. Na biyu ƙarfe. Idan fata mai laima ta jima a jikin likkafa ko kaimi, ƙarfen da sinadarin bagaruwa sukan haɗu su bar baƙin tabo da ba ya fita. Haɗuwar da baduku ke yi da gangan ke nan idan zai rina baƙi da kuloko. Na uku yanayi: hunturu yana tsotse man fata, damina kuma tana kawo fumfuna da zarar laimar iska ta wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Na huɗu gara da ɓeraye da kyankyasai.

Kalandar Musulunci ta ƙara wa lamarin wuya. Sallah na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, ta zagaye dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, cikin zafin bazara, babba kuma a farkon Yuni, a bakin damina. Takalmin da aka cire a jiƙe da gumi a watan Yuni aka jefa akwati, watannin laima ne a gabansa. Dabarar da ta yi wa kaka aiki lokacin da Sallah ke zuwa cikin hunturu ba lallai ta ishi jikansa ba.

Kulawar ba ta da tsada. Da an sauko daga doki a goge ƙura da gumi da ƙyalle mai ɗan danshi, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, nesa da rana da wuta. A cusa auduga ko tsumma mai tsabta cikin ƙwaurin takalmin don kada ya karye ya kwanta. Idan fatar ta fara tauri a shafa man kaɗe kaɗan da ɗan yatsa, a kauce wa wurin ado da ɗinki, domin mai idan ya yi yawa yana baƙanta launi, ya raunana zare, ya jawo ƙwari. A naɗe shi da yadin auduga maimakon leda, wadda ke tsare laima. A ɗora shi a kan katako sama da ƙasa, a raba shi da kayan ƙarfe, a fito da shi ya sha iska sau biyu ko uku a damina.

Dalilin gaggawa a fili yake. An dakatar da hawa a birnin Kano a 2020 saboda annobar korona, an sake hana shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 a tsakiyar rikicin masarauta. Duk shekarar da ba a hau ba, kaya na ƙara daɗewa a rufe, dukawa kuma na rasa aikin gyara da ke riƙe da sana'arsu. Wanda ya rasa mai ɗinka masa na fata, na roba zai saya a kasuwa, kuma daga nesa mai kallo ba zai bambance ba.

Masarautar Gaya da hakimanta, har da na Ajingi, na iya fara abu mai sauƙi: rubuta lissafin tsofaffin kayan fata da ke gidajen sarauta, da hotonsu, da sunan badukun da ya yi kowanne idan ana tune da shi, sannan a kira dukawa su duba su kafin damina da bayanta. Takardar UNESCO ta tabbatar wa hawa suna a duniya, amma ƙarkon kayansa yana hannun wanda ke buɗe akwati a watan Agusta.