Yaro Ɗaya, Ma'auni Daban-Daban: Tarihin Gano Lalurar ADHD

A shekarar 1902, wani likitan yara a birnin Landan mai suna George Still ya gabatar da laccoci kan yara 43 waɗanda ba sa iya natsuwa ko kame kansu. A ganinsa, naƙasu ne wajen sarrafa ɗabi'a, duk da cewa da yawansu ba su da raunin basira. Tun daga lokacin, lalurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda a yau ake kira ADHD, ta sha sauya suna da ma'auni.

Kundin DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka shi ne ma'aunin da ya fi tasiri. Bugunsa na 1968 ya fi mayar da hankali kan yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. Yarinyar da ke zaune shiru a aji, alhali hankalinta ya yi nisa, ba ta shiga lissafi. A 1980, bayan binciken Virginia Douglas a Kanada, aka gane cewa gaza tattara hankali shi ne tushen matsalar, ko da ƙiriniya ko babu. A 1987 aka haɗe alamomin wuri guda da sunan ADHD, sannan a 1994 aka kasa lalurar gida uku: ta rashin natsuwa, ta ƙiriniya da gaggawa, da wadda ta haɗa biyun.

Bugun 1994 ya sharɗanta bayyanar alamomi kafin shekara bakwai. Na 2013 ya ɗaga iyakar zuwa shekara 12, ya kuma amince a tabbatar wa yaro ɗaya ADHD tare da lalurar otizim, abin da a da aka hana. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ya daɗe da tsauri, domin sai rashin natsuwa da ƙiriniya sun haɗu. Sabon kundinta da ya fara aiki a 2022 ne ya sassauta.

Saboda haka, yaron da likita zai sallama a 1975 da cewa lafiyarsa ƙalau, a yau zai iya samun kulawa. Ƙaruwar adadin yaran da ake ganowa ba lallai annoba ba ce. Faɗaɗa ma'auni na cikin dalilanta.

Sai dai iyaye su sani cewa ba kowace ƙiriniya ce lalura ba. Dole alamomin su kai wata shida, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma su riƙa kawo cikas ga karatu ko zaman tare. Babu gwajin jini da ke nuna ta. Likita zai saurari iyaye da malamai, ya kuma duba ji, gani da barcin yaron, domin matsala a waɗannan kan yi kama da ita.

Idan an taɓa ce muku babu komai, amma ɗanku na ci gaba da shan wahala, ku koma asibiti a sake duba shi. Bulala ba ta koya wa ƙwaƙwalwa natsuwa.